Jaki ba zai kai kansa caji ofis ba

A watan Satumba na 2022 jami'an kwastam na filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas suka kama buhu 16 shaƙe da mazakutar jakuna, guda dubu 7, ana shirin wucewa da su Hong Kong. Kuma abin da aka ce ya tona asirin kayan wari ne, wari ne ya ishi mutane har aka ce a kwance buhunan a gani. Dariya mutane suka yi wa labarin a lokacin, aka yi ta barkwanci da shi a Facebook kwana biyu aka wuce wurin, ni kuwa lissafi na tsaya yi. Jaki dubu 7 fa jama'a. Kowane ɗaya akwai garin da ya fito, akwai turken da aka kwance shi, ko saye aka yi ko sata, an loda shi a mota, motar ta sha mai a wani gidan mai, direba ya tsaya ya ci abinci a wani wuri, an ratsa shingen jami'ai ba ɗaya ba ba biyu ba, an sauke an yanka an feɗe an shanya an ɗura a buhu, duk doguwar tafiyar nan a gaban idon mutane aka yi ta amma sai da hanci ya yi aikin da baki ya ƙi yi.

Ga wanda bai san me ya jawo wannan farautar ba, fata ce. A Chaina ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, ana sa shi a maganin gargajiya da kayan gyaran jiki, cibiyar sana'ar tana lardin Shandong. Jakunansu da suka kai wajen miliyan 11 a farkon shekarun 1990 sun zaizaye sun koma ƙasa da miliyan 2, shi ne 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila mai kula da jakuna ta ƙiyasta a 2024 cewa aƙalla jaki miliyan 5.9 ake kashewa duk shekara a duniya saboda fatar nan. Jaka kuwa cikinta shekara guda cur yake yi, ɗa ɗaya take haifa, ta ina haihuwa za ta kamo yanka?

Nijar ta farga da wuri. A 2016 gwamnati ta ga an fitar da jaki wajen dubu 80 tun shekarar ba ta ƙare ba, alhali a duk 2015 dubu 27 ne aka fitar, sai ta hana fitar da su kwata-kwata, Burkina Faso ma ta hana a shekarar. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka a taronsu na Addis Ababa suka amince a haramta yanka jaki don fata a duk nahiyar. Mu nan Najeriya ɗanyar fata dama tana cikin jerin kayan da kwastam suka hana fitarwa, kuma Garba Datti Muhammad lokacin yana ɗan majalisar wakilai ya taɓa kai ƙudirin hana kashe jakuna da fitar da su. To amma takarda daban abin da ke faruwa a titi daban, duk wanda ya san kasuwannin kan iyaka irin Maigatari mai ci ranar Alhamis ya san ina jakunan suke dosa, kudu suke yi, har irin su Ezzamgbo a jihar Ebonyi inda ake da kasuwar jakuna da mayankarsu.

Duk wannan dai manyan maganganu ne. Bara in sauko ƙasa inda abin ya fi min ciwo.

Akwai wani dattijo a bayan unguwarmu, ɗibar yashi yake yi a rafi yana kai wa magina, jakunansa ne jarinsa, da su yake ci da su yake sha da su ya aurar da 'ya'yansa. Wani dare aka kwance su daga turke. Da asuba ya fito da kwanon dusa ya tarar da dabaibayi a yanke, akumari da mangala suna jingine a inda ya bar su. Sai bayan kwana biyu yara masu kiwo suka ci karo da su a wani kwari bayan gari, an feɗe an tafi da fata an bar nama yana ruɓewa, ƙuda ya rufe, kuma duk wanda ya duba kawunan ya san ba wuƙa aka fara sa musu ba, wani abu mai nauyi aka doka musu a goshi har ƙashin ya lotsa. Na ga maza manya suna juya baya. Shi kuwa tsohon tsugunawa ya yi ya kama kunnen ɗaya daga ciki yana dubawa, akwai tsagar da ya yi mata tun tana ƙarama.

To ga inda nake so a tsaya a duba. Da aka zauna jaje a ƙofar gidansa, sai labari ya fara fitowa gutsure-gutsure. Mai shayin bakin titi ya ce ai shi ya ga wata a-kori-kura fara ta tsaya wajen ƙarfe biyun dare fitila a kashe, har ɗaya ya sauko ya sayi sigari. Wani ɗan acaba ya ce kwana uku kafin nan wasu baƙi biyu sun tambaye shi hanyar kwarin nan, wai gona suke nema. Wata maƙwabciya ta aiko cewa ta ji kukan jaki da motsi a daren amma ta ɗauka mai su ne ya yi sammako. Wani yaro ya ce ya san wanda ya zo yana taya jakunan satin da ya wuce aka ce ba na sayarwa ba ne. Kowa yana riƙe da guntunsa, da an haɗa su a safiyar farko wallahi da an san inda za a dosa, amma sai da komai ya lalace sannan baki ya buɗe, shi ma a majalisa, ba a gaban wanda zai iya yin wani abu ba.

Na ce wa mai shayin, "Haba kawu, ka ga mota a wannan tsohon daren fitila a kashe, ko mai unguwa ba ka faɗa wa ba?"

Ya ce, "Ɗan nan, ni nan nake kwana a bakin titi ni kaɗai. In na faɗa aka ce ni na faɗa, kai za ka zo ka tsare ni?"

Ban ga laifinsa duka ba gaskiya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ɓarawo in an kama shi ba ɗan sandan yake riƙewa a zuciya ba, wanda ya nuna shi yake nema. Kuma a wannan zamanin da ake ciki na 'yan bindiga, a Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai garuruwan da magana ɗaya za ta iya jawo wa mutum abin da ya fi asarar jaki, wannan ba wanda zai musa. Ga kuma tsohuwar matsalar da kowa ya sani, ka je ba da labari a mayar da kai wanda ake tuhuma, a ce zauna a benci, ina ka san su, me ya fito da kai a lokacin, ka wuni a can ka rasa cinikin ranar, wataƙila ma sai wani ya zo ya yi belinka. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ko gobara ya gani sai ya yi tunani kafin ya yi ihu.

Amma ba tsoro ne kaɗai ba, mu daina yaudarar kanmu. Rabin shirun da muke yi raini ne, dabba ce ai. Da yaro aka ɗauka a daren nan da mai shayi bai jira gari ya waye ba. Sannan akwai kunyar nan tamu ta kar a ce wane munafuki ne, wane ya kai ƙarar maƙwabci saboda kare, saboda mage, a yi ta nuna ka a unguwa. Mutum ya gwammace ya ga ana zalunci ya ce Allah ya kyauta ya wuce da a kira shi magulmaci. Alhali gulma ita ce ka kwashi maganar mutum ka kai inda ba za ta gyara komai ba, irin wadda muka yi a wajen jajen nan kenan ma in za a bi gaskiya.

Kuma abin ba a kan satar jaki ya tsaya ba. Ku dubi jakunan da suke hannun masu su ma, ka ga an ɗaga akumari bayan duk gyambo ne ja wur, a zuba masa baƙin mai ko toka a mayar da kaya a kai a ci gaba da duka a daidai wurin ciwon saboda nan ne yake saurin motsawa. Ku dubi yadda ake loda shanu a tirela zuwa Legas, an murɗe wuya an ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe, kwana da kwanaki ba ruwa, wadda ta faɗi sauran su tattake ta. Yara su ɗaure wa kare gwangwani a jela su bi shi da jifa har ya mutu manya suna zaune suna kallo. Wani ya zuba guba a mushe don ya kashe karnuka, ungulaye su sauka su ci su zube gaba ɗaya, yanzu sai ka shekara ba ka ga ungulu a mahauta ba. Sai kuma wanda ya fi haɗari, saniya ta shiga gona mai gona ya sa adda ya sare mata agara, ko a zuba wa shanu guba a mashaya, wannan in ba a kai maganar gaban hukuma da wuri ba ƙarshenta ba a kan dabba take tsayawa ba, rayukan mutane ake rasawa a ramuwar gayya, kuma kusan kullum akwai wanda ya san wanda ya yi.

Mutane da yawa ba su ma san laifi ne a doka ba. Laifi ne. Kundin Penal Code da Arewa take aiki da shi tun 1960 yana da sashe na 207 a kan azabtar da dabba, na kudu kuma Criminal Code sashe na 495 ya yi maganar duka da lodin da ya wuce kima da azabtar da dabba, hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50. E, naira 50, abin dariya abin takaici. Amma dai laifin yana nan a rubuce, kuma sata da ɓarnata dukiyar wani su hukuncinsu ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba.

Mu da muke cewa mu Musulmi ne ma ba sai mun jira kundin Bature ba. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, amma wanda ya fi dacewa da maganar nan shi ne na raƙumin nan, Manzon Allah (SAW) ya shiga gonar wani mutumin Madina raƙumi ya gan shi ya fara zubar da hawaye, ya shafa shi har ya natsu, sannan bai wuce abinsa ba, tambaya ya yi waye mai raƙumin nan, aka samu mai shi ya ja masa kunne a kan yana barin sa da yunwa yana kuma wahalar da shi. Wato an nemi mai laifin an yi masa magana. Malaman da irin su Mawardi da suka yi rubutu a kan aikin hisba sun sa hana ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta cikin aikin mai hisba. Ina ma 'yan Hisbarmu na yanzu za su riƙa leƙa kara da tashar lodin dabbobi kamar yadda suke leƙa sauran wurare.

A Ingila ƙungiyar RSPCA mai yaƙi da cin zalin dabbobi tun 1824 take, kuma yawancin binciken da jami'anta suke yi daga kiran wayar mutanen gari yake farawa, maƙwabci ya ji kukan kare kwana biyu a gidan da ba kowa ya ɗaga waya. A Amurka akwai tsarin Crime Stoppers da aka fara a birnin Albuquerque a 1976, ka kira ka ba da bayani ba a tambayar sunanka, lamba ake ba ka, in bayanin ya kai ga kamu a ba ka tukwici. Tun 2016 ma hukumar FBI mai binciken laifuka a Amurka take ƙirga cin zalin dabbobi a matsayin laifi mai zaman kansa, don sun lura mai azabtar da dabba sau da yawa ba a nan yake tsayawa ba. Ba wai sun fi mu tausayi ba ne, hanyar faɗa ce aka sauƙaƙa musu.

To mu da ba mu da wannan ya za mu yi? Muna da namu hanyoyin ai, raina su muke yi. Ba lallai sai ka taka caji ofis da ƙafarka ba. Mai unguwa yana nan, dagaci yana nan, su ne za su kai maganar gaba ba tare da sunanka ya fito ba in ka roƙe su. In a kasuwa ne akwai sarkin kasuwa da sarkin zango da shugaban dillalai, in maganar yanka ce sarkin pawa ya san duk wanda yake feɗe dabba a yankinsa da wanda baƙo ne. Akwai likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, akwai 'yan bijilanti, sibil difens suna da rundunar Agro Rangers da aka kafa don harkar manoma da makiyaya, in mota ce ta ɗauko fatu ko ta nufi kan iyaka wannan aikin kwastam ne da hukumar NAQS mai kula da shige da ficen dabbobi da amfanin gona, sannan ga lambar 112 kyauta ce. In kana tsoron a gane ka, faɗa wa limami ko wani dattijo da ake jin nauyinsa shi ya isar.

Sai dai a san irin bayanin da za a kai. "Na ga wasu mutane ban yarda da su ba" ba ya kama kowa. Lambar mota ita ce gaba da komai, ko rabinta ka riƙe ka rubuta a waya nan take kafin ka manta, in ba ka samu ba to kalarta, irinta, rubutun da ke jikinta, ai motocinmu ba sa rasa rubutu a baya, gilashin da ya fashe, gefen da aka yi wa faci. Ƙarfe nawa ne, ta ina ta ɓullo ina ta nufa, mutum nawa, da wane harshe suke magana. Dabbar kuma kalarta da shaidar da ke jikinta, tsagar kunne ko lalas ko tabon tsohon ciwo, don da wannan mai ita zai gane kayarsa ko da fata kaɗai aka samu. Kuma a faɗa da zafi-zafi, motar da ta tashi daga Jigawa da dare kafin a yi kwana biyu ta tsallake Lokoja, bayanin da aka kawo bayan sati sai dai a yi hira da shi.

Alamomin ma ba ɓoyayyu ba ne. Mutum ba mahauci ba ba majemi ba ka ga yana sayen gishiri buhu-buhu yana kai wa wani kango. Wari yana tashi daga gidan da ba kowa. Baƙo ya zo yana taya jaki kowane iri, gurgu, tsoho, mai ciki, bai duba haƙori ba bai duba ƙafa ba, wanda zai sa dabba aiki ba ya saye haka. Kuma da ɗan gari kan ci gari, baƙon da ya zo daga nesa bai san turken wane ba shi da kare ba, bai san wane kwari ne ba a bi ba, akwai wanda ya nuna masa, kuma galibi shi wannan ɗin an ga canji a aljihunsa a satin.

Abu biyu nake roƙo kar a yi. Na farko ihun ɓarawo da tara jama'a, mun ga yadda ake kashe mutane a kan zargi daga baya a gano ba su ba ne, ka je ceton jaki ka dawo da alhakin ran mutum a wuyanka. Kai dai ka faɗi abin da idonka ya gani, kar ka ƙara gishiri, kar kuma ka saka sunan wanda kuke rigimar gona da shi don ka huce. Na biyu wannan ɗabi'ar ta ɗaukar bidiyo a watsa a guruf-guruf na WhatsApp, a yi ta Allah ya isa a kwament, ba sunan gari ba rana ba komai, wani lokacin ma bidiyon na wata ƙasa ne na shekarun baya. In ka ɗauka, kuma ka tabbatar ɗaukar ba za ta jefa ka a haɗari ba, fara tura wa wanda zai iya zuwa wurin tukuna, da sunan wurin da lokacin. Watsawa da wuri sau da yawa mai laifin take taimako, ya gani ya kwashe kayansa kafin a zo.

Su kuma hukumomi nasu ya fi namu yawa. Ba za ka ce mutane su kawo bayani ba alhali wanda ya kawo jiya da yamma yau da safe ɓarawon ya san sunansa. DPO ɗin da yake son a riƙa tsegunta masa sai ya ja wa yaransa kunne a kan wannan, kuma a daina tambayar mai kawo labari kuɗin mai. Shugabannin ƙananan hukumomin da suke karɓar haraji a kan kowace dabba da ta shiga kara, me zai hana su sa dole a riƙa yanka rasit mai sunan mai sayarwa da dillalin da ya tsaya masa da kamannin dabbar, jaki ma a yi masa kamar yadda ake yi wa sa, duk motar da ta ɗauko jakuna ba rasit a sauke su a nan. Sannan a samu bangon ofishin sarkin kasuwa da na tashar mota a rubuta lambar waya ɗaya da manyan baƙi, wadda in an kira ƙarfe biyun dare akwai mai ɗagawa, kuma ba zai fara da tambayar waye kai ba.